Arewa24 ta ɓace a parabol ɗinka? Ga yadda za ka dawo da ita da kanka

Duk shekara da zarar hadarin farko ya taso a Damagaram, iskar nan mai jan ƙura ta wuce, washegari sai ka ji gida gida ana cewa tele ta lalace, wasu ma har su rantse maka wai an rufe Arewa24. Ba a rufe komai ba ɗan uwa. Yawanci ɗaya cikin uku ne, ko iska ta ɗan gusa parabol, ko tashar ta canza firikans, wato lambar da dekoda ke kama ta da ita, ko kuma dekodar ce ta tsufa ba ta iya karanta sabon siginal. Biyun farko kai da kanka za ka gyara su da kile 10 da 13 da ɗan haƙuri, ba sai ka zauna jiran mai gyara yana ce maka gani nan tafe tun hantsi har magariba ba, ga uwargida ta haɗe rai don yau ne ranar shirinta.

Amma kafin mu taɓa ƙarfe bari in ba ka labarin inda abin ya samo asali, don in ka san shi za ka gane me ya sa wata tasha kyauta ce, wata kuma sai da abonoma, kuma ba za a sayar maka da abin da ba ka buƙata ba.

A Amurka aka fara wannan harka ta tashar nishaɗi da ake biyan kuɗi. HBO ta buɗe a watan Nuwamba 1972 a wani gari da ake kira Wilkes-Barre cikin jihar Pennsylvania, gida 365 kacal suka yi rajista, kuma da waya ake ja musu hoton har cikin ɗaki. A 1975 suka ɗora shirinsu kan tauraron ɗan adam, suka buɗe da damben Muhammad Ali da Joe Frazier kai tsaye daga Manila. Nan fa masu wayo suka gane ai hoton daga sama yake saukowa, duk wanda ya kafa ƙaton faranti a bayan gidansa zai kama bai biya ko dala ba. Aka yi shekara goma ana sha a banza, sai a farkon 1986 HBO ta kulle siginal ɗinta, ba mai gani sai mai akwatin buɗewa. A Faransa kuwa Canal+ tun ranar da ta fara, 4 ga Nuwamba 1984, da kullenta ta zo, sai ɗan abin da take bari a buɗe don jan hankali. Ta shigo Afirka a farkon shekarun 1990 da sunan Canal Horizons. Can Afirka ta Kudu M-Net ta fara a 1986, DStv ta biyo a 1995, sannan a 2010 suka ware tashar Africa Magic Hausa don finafinan Kano. A 2025 Canal+ ta saye MultiChoice mai DStv ɗin, wato yanzu uwa ɗaya uba ɗaya ne, ko da yake kowa da dekodarsa da satelit ɗinsa har yanzu.

Mu nan ba mu yi zamanin waya ba, ba kamfanin da ya bi Birni da Zango da Sabon Gari yana ja wa mutane waya gida gida. Daga Télé Sahel da antan a kan dogon ƙarfe sai kaset ɗin bidiyo da ake kawowa daga Kano, sai faifan CD, sai muka yi tsalle muka faɗa parabol. Shi ya sa har yau in ka ce wa dattijo kabul bai san me kake nufi ba, parabol ya sani.

Ita Arewa24 hanyarta daban ce da waɗancan, kuma nan ne abin ya shafe mu. A 2014 aka buɗe ta, lokacin Boko Haram na tsakiyar tashe, shekarar da aka kwashe ƴan matan Chibok. Wata ƙungiya ce ta Amurka mai suna Equal Access International ta kafa ta, da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, wajen dalar Amurka miliyan 6, kuma ba a ɓoye ba, jaridun can sun buga tun a lokacin. Manufar ita ce a samu tashar Hausa zalla awa 24 wadda za ta riƙe matasa da nishaɗi da zancen zaman lafiya. To tasha mai irin wannan manufa ba za ta kulle kanta ba, so take kowa ya gani, don haka a buɗe ta fito, kyauta. Kano ce cibiyar aikinta. Mutane da yawa a nan da farko sun yi mata kallon tsoro saboda inda kuɗin ya fito, ni dai a ganina abin da ya wanke ta ba wani bayani ba ne, Daɗin Kowa ne. Shirin nan ya nuna mutane irin namu, malami da almajiransa, kishiyoyi, ɗan ƙwaya, ƴan gudun hijira, ba gidajen bene da motocin aro ba, sai aka wayi gari tsohuwa da jikarta suna zaune tabarma ɗaya suna gardama a kan mutanen cikin tele. Da safe ga Gari Ya Waye. A 2019 Kwana Casa'in ya zo da siyasa da cin hanci, wannan har ƴan fada da ba ruwansu da komai sai ƙwallo ya ja su. Daga baya tashar ta tashi daga hannun tallafi ta koma kamfani mai ci da kansa ta hanyar talla, shi ya sa tallar ta yi yawa yanzu, kana cikin kallo a yanke a sa maka magi da sabulu, kar ka yi fushi su ne ke biya maka. Ta kuma shiga cikin buken masu abonoma, DStv da GOtv da StarTimes da Canal+, ta buɗe YouTube da manhajarta ta salula. Kenan yau ƙofa uku gare ta, ta kyauta a parabol, ta abonoma, da ta intanet.

Shawarata in dai Hausa ce da wa'azi da labarai ake kallo a gidanka, tsaya a ta kyauta. Sau ɗaya za ka kashe kuɗi. Canal sai in akwai mayen ƙwallon Turai a gidan ko masu son finafinan Faransanci, shi ma ka fara da ƙaramin buke irin Access ka gani kafin ka hau Evasion, kuma ka sa mai sayarwa ya nuna maka jerin tashoshin buken da idonka. Su kuwa dekodojin nan da ake ce maka an sa musu sabar suna buɗe komai kyauta, wata biyu wata uku ne su ɗauke, kuma ba ka da wanda za ka kai ƙara.

To mu zo aiki. Fara da kunna tele ka karanta abin da ta rubuta, don mutane da yawa ba sa karantawa. In ta ce Pas de signal a duk tashoshi, matsalar waje ce, parabol ko waya ko tet, wato ɗan kan nan da ke gaban farantin wanda ake rubuta LNB a jikinsa. In sauran tashoshi suna yi Arewa24 kaɗai ce babu, kar ka taɓa parabol ko kaɗan, firikans ce ta canza. In kuma ta ce Chaîne cryptée to ka faɗa kan kwafin masu abonoma ne, ka nemi ta kyautar. In murya na fita hoto babu, ko ta kama sunan tasha amma allo baƙi ƙirin, duba jikin dekodarka, in ba ka ga an rubuta DVB-S2 ko HD ko MPEG-4 ba to tsohuwa ce, tashoshi sun bar tsarinta, ba gyaran da za a yi mata sai dai ka shiga kasuwar Dole ka sayo sabuwa.

Na firikans shi ne mai sauƙi. Danna Menu a telekomand, shiga Installation, zaɓi satelit ɗin, ita Arewa24 ta kyauta a kan Eutelsat 16A take, wanda za ka ga an rubuta 16E a gefensa. Duba wurin LNB ya kasance Universel, lambobinsa 9750 da 10600, 22K ka bar shi Auto. Sannan ka nemi Recherche aveugle, in dekodar daga Kano ta zo da Turanci za ka ga Blind Scan, abu ɗaya ne. Ka zaɓi FTA kawai, wato na kyauta, don kar ta cika maka jeri da ɗaruruwan tashoshi kullallu da ba za su buɗe ba. Ka bar ta ta gama, kar yaro ya danna Exit a tsakiya, in ta gama ka danna OK ta ajiye. Sabbin da ta kamo can ƙarshen jeri suke zuwa, nan ne wasu ke cewa ba ta kama ba alhali tana lamba ɗari huɗu da wani abu. Da gangan ban ba ka lambar firikans ba, don wadda aka rubuta a takarda bara tana iya zama matacciya bana, shi kuwa wannan binciken duk abin da ke sama a ranar shi zai kawo maka.

In duk tashoshin ne suka tafi, kashe dekoda ka cire ta daga kuran tukuna, wannan ba wasa ba ne, don wayar parabol tana ɗauke da volt 13 ko 18 da dekoda ke aika wa tet, in siraran gashin wayar nan suka taɓa jan ƙarfen tsakiya tana kunne sai ka ƙona tuna, wato abin da ke karɓar siginal a cikin dekodar. Bi wayar da hannu daga ɗaki har waje. A gidajenmu akuya da ɓera da ƙofar ƙarfe sun kashe waya fiye da iska. Warware fish ɗin da ke bakin tet ka duba, in ya yi kore ko baƙi ruwa ne ya shiga, yanke ɗan taƙi ka fere sabo ka ɗaura sabon fish ka naɗe da sikoc. In sabuwar waya za ka saya nemi RG6 mai kauri, kar ka yi ta haɗe haɗen guntaye, kowane haɗi yana cin siginal.

Waya lafiya, tet lafiya, to saura saiti. Fito da tele da dekoda tsakar gida kusa da parabol inda idonka zai ga allo, wannan kiran da ake yi daga kan soro ya zo? bai zo ba! ɓata lokaci ne, don kafin na ɗaki ya amsa ka riga ka wuce wurin. Da safe ko bayan la'asar ya fi, da rana tsaka ƙarfen ba ya taɓuwa kuma ba ka ganin allo. Buɗe shafin Installation za ka ga layi biyu, Intensité da Qualité. Na farkon yaudara ne, ko bango ka juya wa parabol zai nuna maka 70 ko 80 matuƙar tet na samun wuta. Qualité ita ce magana, ita kaɗai za ka zuba wa ido.

Satelit ɗin nan duka a jere suke a saman tsakiyar duniya, nisan kilomita kusan 36,000, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa shi ya sa kullum suna wuri ɗaya. Damagaram tana wajen digiri 14 arewa da wannan layin, digiri 9 gabas, don haka dukansu ta kudu suke mana kuma sama sosai. Ka fuskanci inda rana ke fitowa, hannunka na dama shi ne kudu, kar ka auna da alƙibla don ita ta ɗan karkata arewa. Eutelsat 16A daga kudu za ka ɗan dawo wajen gabas, a busol ɗin salula, wato abin nan mai nuna kudu da arewa, wajen 153, tsayinsa kuma wajen digiri 72, kusan tsakar ka. Nilesat mai 7W yana kudu maso yamma wajen 230, tsayi 65. Na Canal, SES-4 mai 22W, ya fi karkata yamma wajen 248, tsayi 51. Na DStv mai 36E yana wajen 115. Ka matsa nesa da ƙarfe in za ka duba busol, in ba haka ba allurar za ta yi ta rawa. Kuma ka sani faranti mai siffar ƙwai ba inda fuskarsa ta kalla yake kallo ba, yana kallon sama da haka da digiri ashirin da wani abu, don haka bi lambobin da aka zana a ƙarfen bayansa, kar ka bi ido.

Abu na farko da za ka duba shi ne sandar, ta tsaya cak ko ta karkace. In ta karkace duk lambobin nan sun tashi aiki. Sannan ka sassauta bulo, wato kusoshin da suka ɗaure farantin, kaɗan, yadda farantin zai motsa da ƙarfi amma ba zai faɗi da kansa ba. Tsaya a bayansa, kar ka tare gabansa da jikinka. Tura shi hagu kaɗan, kaɗan fa nake nufi, faɗin farce, ka tsaya ka ƙirga uku don dekoda tana da jinkiri, ka sake turawa. In ka share hagu da dama ba komai, ɗaga shi sama digiri ɗaya ka sake sharewa. In iska ce ta gusa shi ba zai yi nisa ba, sau da yawa tsatsar da ke jikin sandar ma za ta nuna maka inda yake da. Da zarar Qualité ta motsa ko da 20 ne to ka iso unguwar, yi ta lallaɓawa hagu dama har ta kai ƙarshenta, sannan sama ƙasa haka.

Yanzu ga wurin da ko masu gyaran ma wasu ke sakaci, murɗa tet. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya murɗin yana da yawa, ba kamar a littafin da ke cikin kwali ba wanda aka yi don Turai. Tsaya gaban farantin kana kallonsa, ka ɗauki tet ɗin kamar fuskar agogo. Don 16E wayar ta fito ta wajen ƙarfe 7, don Nilesat tsakanin ƙarfe 4 da 5, don Canal kusan ƙarfe 4. Daga nan ka murɗa a hankali kana leƙen Qualité, ka kuma ɗan tura shi gaba ko baya cikin zobensa. Wannan kaɗai yana iya ƙara maka 10 ko 15, kuma shi ne bambancin wanda hotonsa ke tsayawa da an fara yayyafi da wanda ke kallo har sai ruwa ya yi ƙarfi. In kana kama tashoshin H amma na V babu, wato harafin da ake rubutawa gefen firikans, ko akasin haka, duba murɗin nan, ka kuma duba tet da waya. In ka gama ka ɗaure bulo bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, idonka na kan allo, don ɗaure gefe ɗaya tamau yana janye farantin ka rasa abin da ka sha wahala a kansa. Ka sa fenti ko ƙusa ka yi alama a sandar da ƙarfen baya, baɗi in iska ta sake minti biyar ya ishe ka.

Girman faranti, santimita 90 shi ne na zaman lafiya. Na 60 ɗin Canal an yi shi ne don satelit ɗinsu mai ƙarfi, kar ka ce da shi za ka kamo komai. Nilesat, inda masu son tashar Makka da Madina da na Larabawa suke zuwa, gara mita 1.2 ko fiye don mu a gefen haskensa muke. In kana son biyun a dekoda ɗaya sayi ɗan akwatin DiSEqC mai baki huɗu, kowane faranti da bakinsa, sannan a Menu ka gaya wa kowane satelit lambar bakin da ka sa shi, in ka sa 16E a baki na 1 amma a Menu ka bar shi na 2 za ka kwana kana zagin akwatin alhali lafiyarsa lau.

Masu gidan ƙasa a Birni da Garin Malam, don Allah kar a huda rufin soro a kafa parabol, damina ɗaya ruwa zai bi ƙarfen ya shiga azara. A samu tsohon jant ɗin mota ko rabin tano a zuba siminti a tsayar da sanda a tsakar gida, tunda satelit ɗin sama yake sosai katanga ba ta tare shi, sai dai a kauce wa ƙarƙashin dogon yaro ko darbejiya, ganye yana tare siginal, kuma itacen da bai kai ba bana zai kai baɗi. A kewaye da ɗan bulo saboda awaki da yara masu ƙwallo.

Akwai ɗaukewar da ba ta buƙatar gyara. In hadari mai nauyi ya tsaya ta kudu hoto zai daskare ya tafi, ruwa ne ke shanye siginal, da ya wuce zai dawo, kuma a lokacin ma kamata ya yi ka cire waya da kuran gaba ɗaya saboda tsawa. Haka wajen watan Maris da ƙarshen Satumba, rana tana bi ta bayan satelit daidai, sai hoto ya ɗauke na ƴan mintoci da rana ƴan kwanaki a jere. Kar ka taɓa komai. Ƙurar hunturu kuwa ba ta hana kallo, sai dai ka sa tsumma ka goge murfin tet, in ka ga rana ta fasa robar ka canza shi kafin damina.

Zancen wuta, yawancin ƙananan dekodojin yanzu volt 12 suke ci ta ɗan sharja, don haka mai pano da batir zai iya haɗa su kai tsaye da tele mai 12 ba sai da kombatisa ba, ka dai tabbata ba ka juya jan waya da baƙa ba. Mai kuran kuma ya sa regilata, dawowar wuta da ƙarfi ita ke kashe dekoda ba ɗaukewarta ba.

In kuma duk ka yi wannan shirin ya riga ya wuce ka, yawancinsu tashar tana ɗora su a YouTube ko a manhajarta. Shiga saitin bidiyon ka sauke ingancin zuwa 240p ko 360p, a allon salula ba za ka ga wani bambanci ba amma forfe ɗinka zai kai ka ƙarshen shirin, in akwai forfen dare mai araha ka sauke shi da dare a kalla da safe.